Kyaftin Tudu da Kwale-kwalensa

Kai, Haɗeja ta yi dace! Tun da kogin nan yake gudu bai taɓa ganin gwanin ruwa irin Alhaji Nu'uman ba, wanda masunta ke kira Kyaftin Tudu da zarar ya ba da baya. Mutumin nan fa har Dutse ya je kwas ɗin tuƙin jirgin ruwa, a ɗakin taro mai sanyi, inda duk ruwan da ya gani bai wuce na leda ba. Ya dawo da satifiket da rigar ceto ruwan goro. Da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zuwa ɗaurin aure, ko da ambaliya za ta zo ana tsakiyar fatiha.

Abu guda ya tsaya masa a rai: shugabancin masu kwale-kwale na mashigar unguwarsu, wanda dattawa za su bayar idan ruwa ya kawo.

"Ku tuƙinku na gado ne, nawa na ilimi," haka yake gaya wa masunta. "Da masu shaida ake magana yanzu."

Ya sa aka ƙera masa kwale-kwale sabo fil, aka shafe shi da koren fenti. Kowa nasa na kwance cikin ruwa duk rani, don kada katako ya bushe ya buɗe. Shi kuwa Kyaftin, ina! Ya ɗora nasa kan bulo a ƙofar gida, rana na dukansa, don masu wucewa su kashe kwarkwatar ido. Masunta suka gani, suka wuce abinsu. Wa ya isa ya koya wa mai satifiket?

Ruwa ya kawo, fadama ta cika. Bisa al'ada, mai neman shugabanci sai ya haye da dattawa ya dawo da su. Aka turo kwale-kwalen a amalanke, maroƙi na gaba. Dattawa suka leƙa, suka hango ƙasa ta tsakanin katako. Nan take kowa ya tuna yana ciwon gwiwa.

"Tsoro rashin horo ne," in ji Kyaftin. "Ku zuba ido ku ƙaru."

Ya shiga, ya kafa gora ya tura. Kafin ya kai bakin kacala, ciyawar nan da ta toshe rabin kogi, kwale-kwalen ya sha ya ƙoshi, ya zauna a ƙasa abinsa. Rigar ceto ta ɗago Alhaji rigingine, yana wutsil-wutsil yana salati.

Hajo mai bandar kifi, da ke wanke kwando a gefe, ta ce, "Alhaji, miƙe tsaye mana. Iya cinya ne."

Dattawa suka ba Auta, wani masunci mai tuƙin gado, shugabanci tun Alhaji bai gama matse wando ba. Da aka jawo kwale-kwalen, sai ga wata 'yar tarwaɗa a ciki, ta shiga bisa kuskure.

Shi ne kifi na farko da Kyaftin ya kama a duniya. Shi ma kifin, kafin Kyaftin ya gama jawabi a kansa, ya sulale ya koma ruwa.