Ranar da na ƙi shan ruwa a gaban surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina a Bagudo ba. A tsaye na shiga gidan su Hadiza, a kwance na gama ziyarar.

Lokacin ina karanta labarai a gidan rediyo, ina kuma neman aurenta. Mahaifinta bai ce e ba, bai ce a'a ba. Alhaji tsohon ma'aikacin kwastan ne da ya yi shekaru a bakin iyaka. A bayan gidansa ya malala siminti, ya ja layi, ya ɗaura komar masunta a madadin raga. Da ya ji ina buga tanis a Birnin Kebbi, sai ya aiko in zo mu buga bayan la'asar. Na gane ba ƙwallo kaɗai za a duba ba.

An yi ruwa da safe, rana ta buɗe. A irin wannan rana iskar bakin kogin Kwara a jiƙe take, gumi ya fito ya zauna a jiki, ba ya bushewa. Alhaji ya fito da gajeren wando, tawul a wuya, da kwanon toka da yake dangwala hannu don kada raket ya zame. Ni kuwa dogon wando da riga mai dogon hannu na sa (wa zai nuna wa suruki gwiwa?).

Duk sauyin gefe sai ya kurɓi ruwa ya miƙo mini gora.

"Sha, ɗana."

"Alhamdulillahi, Baba, na ƙoshi."

(Ban ƙoshi ba. Harshena ya zama kamar busasshen kifi.) Amma a gidanmu an rene mu a kan cewa ba a ci, ba a sha a gaban suruki. Tokar ma na ƙi taɓawa, don kwanonsa ne.

"Mi ya hana ka shan ruwa? Azumi kaka yi?"

Na sunkuyar da kai na yi murmushi.

Zagayen farko na ci. A na biyu rigata ta manne da bayana, idona ya fara ganin ƙwallo biyu. Daidai lokacin Hadiza da mahaifiyarta suka leƙo ta ƙofar baya, ni kuma na ce bari in nuna bajinta. Na cilla ƙwallo sama, na zabura da dukkan ƙarfina. Ƙwallon ta faɗo a gabana lafiya lau. Raket ɗin ne ya tafi: ya tsallake raga, ya wuce ta gefen kunnen Alhaji, ya sauka a garken awaki. Kafin in ba da haƙuri jijiyar ƙafata ta ɗaure, na zube ina ihu da muryar da masu sauraro ba su taɓa ji ba.

Alhaji da kansa ya tallafe kaina a cinyarsa. Ya sa aka dama gishiri da sukari a ruwa, ya riƙa ɗura mini a baki. Na shanye kofi uku, ina neman na huɗu, Hajiya tana ta salati, Hadiza ta toshe baki da mayafi tana ɓoye dariya.

Na riga na sallama auren a zuciyata, sai na ji Alhaji ya ce wa matarsa, "Hajiya, yaron ga wawa ne. Amma wanda ya gwammace ya mutu da ya sha ruwa gabana ba shi wulaƙanta muna ɗiya." Ya dube ni. "In ƙafar ta saku, ka turo magabatanka."

Abin da na koya kaɗan ne. Kunya abu ce mai kyau, amma a ranar da gumi ya ƙi bushewa, gara ka karɓi gora da hannunka kafin a ɗura maka.