Rasuwar Kwamfutar Zaleha a Hannuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Shahrizal bin Mokhtar na birnin Malaka nake sanar da rasuwar kwamfutar matata Zaleha. Ta cika ranar Litinin da la'asar, tana da shekara shida, a kan cinyata.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Da ita na koyi wasan nan na mallakar ƙasashe, na gane ba a shiga ƙasar mutane da igwa, da sikeli ake farawa. Ka roƙi ɗan fili na ajiye kaya, ka zagaye shi da katanga, ka goyi bayan ƙanen sarki ya tayar wa yayansa, ka wayi gari tashar jiragen ruwa taka ce. Ni ma haka na shige ta. Ɗan lungu na roƙa, Zaleha ta ce, "Ka yi, Abang, maigidana, amma kar ka taɓa min komai." Kafin wata uku tutar Holan ta rufe tsibiran kanumfari, takardun mai kwamfutar kuma suna maƙure a gefe guda.

Ciwon ajalinta zafi ne. Ina dab da cinye garinmu da kaina ta fara huci, fuuu, fuuu. Na ga shekara ɗari biyu na mulki za su tafi a banza, sai na saka ta a firij ta huce. Wayyo ni! Da na fito da ita cikin wannan gumin namu, ta yi zufa, ta ce ƙit, shi ke nan. Ta kwana biyu a buhun shinkafa, wai don shinkafar ta tsotse ruwan, ba ta motsa ba. Baba Teck mai gyara ya buɗe cikinta, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, kifi ka ɗauke ta?"

Ta bar caja ɗaya, da jaka, da ni. Ta tafi da muryar Nenek Siah, kakar Zaleha da ta rasu bara: awa tara tana ba da labarin danginsu, tana dariya. Sau uku aka ce in kwafe su a wani wuri, sau uku na ce na kwafe. Wallahi tsoro nake ji.

Jiya Zaleha ta kira daga garin Ipoh, ta ce, "Abang, ka yi mata caji. Da Mama zan taho, tana so ta ji muryar mahaifiyarta."

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe huɗu, da zarar motarsu ta iso. Ba a buƙatar fure. Amma duk wanda ya taɓa ɗaukar muryar Nenek Siah a wayarsa, ko da tari ne, don girman Allah ya neme ni kafin ranar.