Yadda Alhaji Tasi'u Ya Yashe Rijiya Saboda Ɗan Lido

Bayan ambaton Mai Sama da neman tsarinsa daga ƙarin gishiri, wannan shi ne tarihin gwagwarmayar Alhaji Tasi'u, ɗan Malam Jatau mai awon gero, ɗan Gagare wanda ya taɓa korar kura da murfin tukunya, ɗan Mantau wanda ba a san abin da ya yi ba amma zuriyarsa ta tabbata ya yi wani abu. Sarkin Tocilan Kazaure, Garkuwan masu batir, Dodon dillalai, ma'abocin tumbi da alfarma, gwarzon da ya ƙetare teku a jirgin sama yana minshari, ya taka ƙasar Sin da ƙafar dama, ya ci shinkafa da tsinke biyu a gaban jama'a bai tsokane idonsa ba sai sau ɗaya.

A waccan tafiya mai albarka, da ya je Gwanzu sarin tocila, ya ga wani tsoho a bakin kasuwa yana yi wa mutane duba da ɗan lido. Tsohon ya yi masa bayani da hannu da gira, tafinta ya fassara rabi, Alhaji ya riƙe rabin rabin. Abin da ya iso Kazaure shi ne: ana jefa ɗan lido sau shida, in ya ba da mara, kamar ɗaya ko uku, a ja layi ɗoɗar a ƙasa, in ya ba da cika a ja layi mai tsaga a tsakiya, ana jera su daga ƙasa zuwa sama. Sauran ilmin, wanda mutanen can ke tsufa suna koyo, Alhaji ya taƙaita shi da basirarsa: layin ƙarshe in ya fito ɗoɗar a yi, in ya tsage a fasa. Sharaɗi ɗaya ne ya riƙe gam, wato yadda ɗan lido ya faɗi haka za a karanta shi, ko da a bakin kada ya faɗi. Da liman ya ce masa wannan duba ne kuma haramun ne, sai ya amsa cewa kimiyyar Sin ce, ba irin ta masu buga ƙasa ba. Tun daga nan ko hula ba ya sauyawa sai ya jefa.

To, Alhaji yana da yaya mace guda, Yaya Lantana, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta yi ta dakan kuɗi tana saya masa riga. Sun daɗe ba sa ga maciji, tun ranar da ya sare bishiyar lemon da mahaifiyarsu ta shuka don ya gina shago. Ta gaya masa magana, ya mayar mata da wadda ta fi ta, shi ke nan, ko a gidan suna suka haɗu kowa ya kalli bango. Yanzu tsufa ya kama ta, ciwon ƙafa ya zaunar da ita, ɗanta ya zo daga Gaundare ta ƙasar Kamaru zai tafi da ita gaba ɗaya. Kowa ya san irin wannan tafiya ba a cika dawowa ba. Da hantsi ta aiko cewa motarsu za ta tashi bayan la'asar, ya zo su yafi juna.

Ni dai a ganina mutum mai hankali silifas kawai zai zura. Gidan nata ma ba nisa, ana jin kiran sallar masallaci ɗaya. Amma manya ba sa tafiya haka siddan. Zuciyarsa tana son zuwa, girman kansa ya hana, sai ya ga gara ya ɗora wa ɗan lido nauyin, in ya je a ce Sin ce ta aike shi.

Ya shimfiɗa buzu a tsakar gida kusa da rijiya, ya fuskanci gabas don ya faranta wa liman, ya karkata kaɗan don ya faranta wa tsohon Gwanzu. Ya jefa na farko, ya ja layi. Ya jefa na biyu da na uku, har na biyar, ƙasa ta cika da zane, kaji suka taru suna kallo cikin ladabi. Da aka zo jifa na shida, wanda shi ne alƙalin al'amari, sai hamasa ta ɗebe shi, ya girgiza hannu har agogonsa ya kwance, ya wurga da ƙarfin da kakansa ya wurga murfin tukunya. Ɗan lido ya daki dutsen wanki, ya yi tsalle ya hau bakin rijiya, ya yi ɗan jim kamar mai shawara, sannan ya faɗa ciki.

Matarsa Ladidi, wadda ke tankaɗe a ƙofar ɗaki, ta ce ai sai ya ɗauko wani a kwalin lidon gidan ya sake jefawa, ko kuma ya tashi ya tafi kawai, tunda ƙafa Allah ya ba shi. Sadaukin ya dube ta da tausayin da masana ke yi wa jahilai. Ya sanar da ita cewa hukunci ya riga ya fita, yana can ƙasan ruwa a kwance, kuma babu mahaluƙin da zai sake jifa a kan jifa.

"A kira mini Baushe," in ji shi. "Yau sai na ga ƙasan rijiyar nan."

Baushe mai yasar rijiya ne, dogo, marar yawan magana, wanda ya ga abubuwa da dama a ƙarƙashin ƙasa har mamaki ya daina kama shi. Ya zo da mutanensa da igiyoyi da gugunan roba. Aka kafa sansani, aka ɗaura ɗamara, Alhaji, Amirul Jaishi, ya hau kan turmi yana ba da umarni, aka buɗe yaƙi da ruwa a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyar nan ita kaɗai ta rage wa layin duka.

Wane alƙalami ne zai iya siffanta wannan rana? Guga na sauka guga na hawa, igiya na kuka, gumi na zuba, rundunar ruwa tana fitowa ana tarwatsa ta a tsakar gida, tana bi ta zaure tana gudu zuwa titi a wulaƙance. Aka cika randuna, aka cika bahon wanki da tukwanen biki, da wuri ya ƙare aka ci gaba da sheƙarwa a ƙasa, har agwagin maƙwabta suka shigo suna yi wa Alhaji mubaya'a. Matan layi suka tsaya da bokitansu a ƙofar gida suna kallon ruwan shansu yana zama taɓo, wasu na salati, wasu na faɗin abin da ba zai rubutu ba. Aka ci ganima mai yawa: takalmi wari ɗaya, ludayi, tsohuwar buta, da wata tocila irin tasa wadda ta mutu tun kafin ta faɗa. Duk guga da ya sauka sai Alhaji ya yi kururuwa a bi a hankali kada a motsa hukunci, alhali gugan ya riga ya dama ƙasan rijiyar kamar fura.

Aka kira azahar, Ladidi ta tuna masa da tafiyar Yaya Lantana. Ya ce saura ƙiris. Inuwa ta juya, ta sake tuna masa, ta ce matar nan fa ita ta goya shi. Ya ce ai saboda ita ake wannan jihadi.

Da ruwa ya koma iya idon sawu, Baushe ya kama igiya zai sauka. Alhaji ya hana, ya ce ƙafar da ba ta taka ƙasar Sin ba za ta iya take hukunci. Ya tuɓe babbar riga, aka ɗaura masa igiya a ƙarƙashin tumbi, mutum huɗu suka riƙe suna ambaton Allah da gaske. Haka Dodon dillalai ya nutsa cikin duhu yana juyi a hankali, riƙe da tocila mafi tsada a shagonsa, wadda ta ɗauke wuta tun bai kai rabi ba. Ya bubbuga ta a bango, ya zage ta, ta ƙi. Bai karaya ba. Ya durƙusa a cikin laka ya dogara da ɗan hasken da ke saukowa daga bakin rijiya, yana bin ƙasa da ido taƙi bayan taƙi, yana tsoron ko numfashi ya yi da ƙarfi.

Can ya hango wani ɗan fari a jikin bango. Ya matsa, ya sunkuya, daidai lokacin sai wani ya leƙo daga sama ya tare hasken gaba ɗaya. Wata murya ta sauko, rijiya ta dagula ta, bai ji abin da aka ce ba, bai kuma nemi ji ba. Ya ɗaga kai ya yi tsawar da ta girgiza kwaɗin da suka rage:

"Kai, ko wane ne a nan ya matsa! Ka tare mini haske!"

Inuwar ta ɗan tsaya, sannan ta janye. Haske ya dawo, kuma a cikinsa Sarkin Tocila ya ga abin da ya yashe rijiya dominsa. Ɗan lido ya cake a laka ta kusurwa, fuska uku na kallon sama daidai wa daida, babu wadda ta fi wata. Ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, ya kwantar da kunci a taɓo ya duba. Sin ba ta ce a yi ba, ba ta ce a fasa ba.

Aka jawo shi sama da ƙyar, baƙi ƙirin, laka har gira. Ya tarar tsakar gida tsit, Baushe na naɗe igiya yana kallon ƙasa. Alhaji ya gyara murya ya ce tunda hukunci bai fito ba, shi da kansa ya yanke shawara zai je, a miƙo masa riga.

Ladidi ba ta tashi daga inda take ba.

"Ai ta zo," ta ce. "Ta sa aka tsayar da mota a ƙofar gida, aka riƙo ta har bakin rijiya. Ta leƙa ta ce maka ta yafe, kai ma ka yafe mata. Ka ce ta matsa, ta matsa."

Ya fita da gudu ba riga, yana santsi a taɓon da ya haɗa da hannunsa. A titi babu komai sai sawun taya a cikin laka da matan layi da bokitansu. Ya tsaya nan har aka fara kallonsa da tausayi, abin da ya fi zagin ciwo. Daga baya ya dawo ya zauna a kan turmin da ya yi mulki a kai, ya ce da Ladidi a hankali ta ba shi ruwa ya wanke fuska. Ta ce agwagi sun gama da na baho, na randa kuma ta raba wa maƙwabta, sai dai ya jira rijiya ta kawo.