Malam Sammani, Barden Brazil Mai Faɗa a Kwance

Daga Kura har ka dangana da Bunkure, ba a taɓa yin mai zurfin ilimi irin Malam Sammani, jami'in rabon ruwan noman rani ba. Shi da kansa ya sha faɗar haka, kuma ai ba wanda ya fi shi sani. A shekarar 1985 aka tura shi Brazil kwas na mako uku a kan ban-ruwa. Abin da ya koyo game da ruwa, saboda tawali'u, bai taɓa damun kowa da shi ba. Amma a ƙasan otal ɗin da aka sauke su akwai wani ɗaki da ƙarti ke birgima a kan katifa, suna wata kokawa da ake kira jijitsu. Ya leƙa su sau huɗu, ya sayo farar rigarsu da baƙar ɗamara. Tun daga ranar ya zama Barden Brazil.

Ba wanda ya sha daga wannan kogin ilimi kamar Datti, wani manomin tumatir da gonarsa ke can ƙarshen kanal. Kwana goma sha ɗaya ruwa bai leƙo shi ba. Fure yana zubewa, ƙasa ta tsage har kana iya zura hannu. Kullum ya je ofis neman a buɗe masa ƙofar ruwa, sai a ba shi kujera a ba shi darasi.

"Malam Datti, kai manomi ne, ba zan ga laifinka ba," in ji Barde. "Jijitsu iri biyu ne. Akwai na gargajiya, na mutanen Japan. A tsaye ake yin sa: a murɗe maka hannu, a doke ka, a yar da kai, an gama. Na mayaƙan da ne masu takubba. Mu kuwa na Brazil, inda suka gama nan muke farawa. Ka gan ni a ƙasa ka ce ka ci, alhali ni gida na zo. In naɗe ka da ƙafafu, in shaƙe maka wuya, ko da girman raƙumi gare ka."

"Allah ya ƙara basira, yallaɓai. To, batun ruwan nan fa?"

"Ruwa yana nan, ba ya gudu."

Shi dai Datti a saninsa ba abin da ruwa ya iya sai gudu.

An lura cewa masu zuwa darasin jijitsu da Barde ke bayarwa duk Asabar a gindin mangwaron ofis gonakinsu ba sa ƙishi. Datti ma ya je sau biyu. Aka gwada shaƙa a wuyansa, ya yi kwana uku in zai waiwaya sai ya juya jikinsa gaba ɗaya. Ruwa dai bai zo ba.

Wata rana yana kai kukansa a rumfar Baba Luka, wani tsohon soja mutumin Filato mai gyaran injin ban-ruwa, sai tsohon ya ce ai su ma a bariki an koya musu jijitsu irin na tsayen, amma ya daɗe da mantawa. Datti bai tsaya jin batun mantuwar ba. Ya garzaya ofis ya ce ga wani can yana cewa na Japan ya fi.

Barde ya yi murna ƙwarai. Ya sa ranar karawarsa da tsohon, Asabar da hantsi, ya kuma zaɓi wani fangali da ba a shuka ba a gefen gonar Datti. Ya ce ya duba yankin kaf, ba inda ya kai nan bushewa.

Mutane suka taru fiye da ɗari, har masu kwandunan tumatir suka ajiye kaya a bakin hanya. Barde ya iso a kan babur cikin farar riga da ta sha guga. Ya naɗa Datti alƙalin wasa, ya miƙa masa agogonsa da tabarau da makullin ƙofar ruwa ya riƙe masa. Baba Luka kuwa, da aka lallaɓo shi da ƙyar, ya shigo da wandon aikinsa mai baƙin mai, yana ta ba jama'a haƙuri.

Ana cewa a fara, Barde ya kwanta rigingine, ya ɗaga ƙafafu sama.

"Bismilla, shigo!"

Baba Luka ya dube shi, ya dubi jama'a. "Ranka ya daɗe, mu an hana mu taɓa wanda ya riga ya faɗi."

"Ban faɗi ba. Tsari ne. Sauko!"

"Gwiwata ba ta lanƙwasuwa, ranka ya daɗe. Sai dai ka taso."

Haka aka tsaya, Japan a tsaye, Brazil a kwance. Rana ta ɗaga. Barde ya ci gaba da yi wa taron bayani daga ƙasa, yana nuna da yatsan ƙafa inda wuyan tsohon zai kasance da ya sauko. Baba Luka ya roƙi goro aka ba shi.

Datti ya dubi tumatirinsa da ya sunkuyar da kai, ya dubi abin da ke hannunsa. Ya ce wa na kusa da shi zai je ya kewaya. Ƙofar ruwan ba nisa.

Ruwan ya biyo kwata a hankali, yana cika tsagogin ƙasa. Cinnakun da ke zaune a ciki da iyalansu suka fito neman tudu, kuma duk fangalin ba tudun da ya kai Barde. Suka shige ta wuyan riga da ƙafar wando. Nan take aka ga ƙwarewar da ba a taɓa gani ba. Barde ya yi birgima uku, ya yi tsalle ya miƙe, ya nufi waje a guje. Baba Luka, da ya zaci wasan ne ya zo, ya kama masa tsintsiyar hannu cikin ladabi, ya ɗan juya ta, ya matsa gefe. Barde ya tashi sama ya dawo da bayansa cikin taɓo, tim.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe," in ji tsohon. "Wannan ɗaya ne na tuna."

Daga cikin taɓon Barde ya sanar da jama'a cewa a dokar Brazil an soke wasa, domin a can ba a sakar wa 'yan wasa ruwa. Datti ya kawo masa agogo da tabarau. Makullin kuwa, Datti ya ce ya faɗa kanal, kuma ikon Allah ba a gan shi ba sai da fangali na ƙarshe ya ƙoshi.

Ranar Litinin Malam Sammani ya aika rahoto hedikwata. Ya rubuta cewa ya kai ziyarar gani da ido gonar wani manomi a ƙarshen kanal, ya kuma tabbatar da kansa cewa ruwa ya shiga ko'ina. A duk tsawon aikinsa, shi ne rahoto ɗaya da ba wanda ya musa.