Ranar da Kwamiti Ya Wanke Rijiyar Malam Ilu

Yau tun da hantsi na bi layin mai da jarkata, ina so in tayar da janareta in ƙarasa ɗinkin mutane. Awa uku rana na gasa mini ƙeya, ana zuwa kaina mai zuba man ya rataye bututu ya ce ya ƙare. Na ce madalla, Allah Ya ƙara wa manya lafiya. Na dawo unguwarmu Soron Ɗinki da jarka fayau, sai na tarar da maƙwabcina Malam Ilu zaune a ƙofar shagona da wata takarda mai tambari, yana jira in karanta masa, don shi bai yi boko ba.

Malam Ilu marini ne a Ƙofar Mata, shekararsa arba'in a bakin rijiyar rinin da ya gada. Ba shi da mota, ba shi da bene. Abin da ya mallaka a duniya suna ne: rininsa ba ya zuba. Zane zai tsufa ya yage, launin yana nan daram. Ni nake ɗinka abin da ya rina, kuma ban taɓa jin mace ta dawo da ƙorafi ba.

To, wata biyu da suka wuce aka ce Babban Kwamitin Tsara Yadda Za A Tsara Masana'antu zai kawo ziyara marina. Kun san su ai, bayin Allah masu himma. Duk 'yan shekaru sai sun haifo mana sabon kundi mai bango mai sheƙi, yayin da tsofaffin masaƙunmu suka zama gidajen jemage. Kwana biyu kafin zuwan shugabansu, Mai Girma Uban Tsare-tsare, aka turo wani Ƙaramin Mai Girma da kwat da hankici ya duba inda za a kafa rumfa. Rijiyar Malam Ilu ce a gaba, kuma a ranar shi yana jana'iza a Ƙofar Dawanau.

Ga wanda bai sani ba, ruwan rini ba shayi ba ne. Ana zuba ruwa da toka da ganyen baba a rijiya, a rufe, a yi ta motsawa da muciya kusan wata guda, har ya yi kumfa ya fara wani irin wari. Wannan warin shi ne albishir, shi ke gaya wa marini ruwa ya nuna. Na Malam Ilu a ranar ya nuna sarai.

Ƙaramin Mai Girma ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce wannan ƙazantar ba za ta shiga hoto ba. Sabo mai bugun zane ya roƙe shi ya jira mai rijiyar, aka ce masa umarni ne daga sama. Kafin la'asar an kwashe ruwan wata guda an tuttular a kwata, an wanke rijiyar da sabulu, an shafa wa bakinta farin fenti. Da aka tuna Mai Girma zai so ya tsoma ƙyalle da hannunsa, sai aka cika ta da ruwan famfo, aka juye bular wanki kwali uku, 'yar ƙasar waje. Har turare aka fesa. Malam Ilu ya dawo ya tarar rijiyar kakansa tana ƙamshi kamar ɗakin amarya.

Ranar biki ina wurin, gani ya kori ji. Mai Girma ya sauko cikin farar shadda, ya tsoma ƙyalle ya ɗago shi shuɗi shar, aka yi tafi. Aka matse, aka ɗan shanya, aka yafa masa a kafaɗa don masu hoto. Ya yi jawabin awa guda a kan dogaro da kai, ya ce nan da shekara goma har jirgin sama za mu ƙera. Rana ta yi aikinta, gumi ya yi nasa. Kafin ya kai ga jirgin, bayan rigarsa ya koma shuɗi tun daga wuya har ƙugu. Kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan. Wa zai fara?

Sakamakon wannan gumin ne ke cikin takardar yau. Na karanta wa Malam Ilu a hankali. Wai bayan zaman kwana biyar a otal, kwamiti ya gano babbar matsalar masana'antun gargajiya: rininmu yana zuba, kuma Mai Girma da kansa shaida ne. Har an rubuta haka a sabon kundinsu. Don haka ana gayyatar Malam Ilu taron bita, inda wani ƙwararre daga waje zai koya masa rini da majigi.

Ya kalli shuɗɗan hannuwansa, waɗanda sabulu ya daɗe da haƙura da su.

"Sunana suka rubuta a kundin?"

"Har da na mahaifinka, Malam."

"Shekara arba'in ruwan wanki bai ci mutuncina ba," in ji shi, "sai gumin mutum ɗaya."

Wallahi na so in yi dariya, amma tausayi ya riga ta. Na tambaye shi ko zai je. Ya ce zai je mana, ai gayyatar manya ba a ƙin ta, kuma yana so ya ga hannun ƙwararren. In fari ne tas, zai ci shinkafarsu ya yi musu addu'a ya dawo. Sannan ya rage murya ya gaya mini ya riga ya haɗa sabon ruwa, saura kwana tara ya nuna. Ya rufe rijiyar da tsohon kwano, ya kewaye ta da zana, ya kuma gargaɗi Sabo cewa duk wanda ya zo da kwat ya tambaya, a ce masa masai ne. A iya saninsa, ba a taɓa kafa rumfa a kan masai ba.

Ni dai ba na zagin kwamiti, Allah Ya kiyaye. Mutanen da suka iya wanke rijiya cikin yini guda, wata rana za su waiwayi kwatar unguwarmu. Sai dai na ji ƙishin-ƙishin cewa teloli ne na gaba a jerin waɗanda za a farfaɗo, kuma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Na tura keken ɗinkina ƙarƙashin gado. Duk wanda ya tambaye ku, ku ce ba ni da aikin yi. Marasa aikin yi kam, ban taɓa jin kwamiti ya kai musu ziyara ba.