Laifuffukan Sani Guda Shida

Na rantse ba hassada ba ce, kishin aiki ne. Shekarata tara a shagonmu na buga katin aure a Ƙofar Ran, Alhaji mai shagon bai taɓa yaba mini ba. Sani kuwa watansa biyu da zuwa ya haɗa wani baƙin akwati da kwamfutocinmu, wai abin da ka ajiye a ciki kowa na iya buɗewa daga kujerarsa. Tun ranar Alhaji ke kiransa Injiniya.

Da yake mana bayani ban saurara ba. Ni za a koya wa kwamfuta?

Na zauna na rubuta laifuffukan Sani guda shida a kwamfuta, har da yawan murmushi, da niyyar in kai wa Alhaji idan sun cika goma. Ashe cikin akwatin na ajiye.

Washegari na tarar abokan aiki suna ta ƙunshe dariya. Na buɗe takardata, sai ga ƙari a ƙasa: "Na bakwai, ni ke shanye maka shayi. Ka yafe, Yaya."

Har yau da na taɓa kwamfuta sai Alhaji ya leƙo: "Malam, an samu na takwas?"