Wa Ke Taɓa Min Injin Zarto?

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara ma'aikatan warsharmu kaf, da bakina, na ce su zo su ga munafuki ba. Sun kuwa zo, kuma sun gan shi.

Warshar kafintoci ce a unguwar masana'antu ta Riyad, ana yin ƙofofi da kabad-kabad na kicin. Ni ba na fere katako, ba na buga ƙusa. Aikina zartuna, irin dogayen nan masu kama da ɗamara da ke zagayawa a cikin babban injin tsaga katako. Idan zarto ya dakushe ni ake kawo wa, in wasa shi, sannan in ɗora shi a kan wani ƙaramin inji da ke karkata masa haƙora, wannan dama, na gaba hagu, haka har ƙarshe. Larabawa na kiran aikin taflij. Amfaninsa shi ne zarto ya buɗa wa kansa hanya a cikin katako, kada ya maƙale ya yi zafi. Sai dai karkatar nan dole ta zo daidai a kowane ɓangare. In dama ta ɗara hagu ko da kaurin gashi ne, zarto zai bar layi ya bi son ransa, katako mai tsada ya fito a karkace kamar ƙafar kare.

A bayan injin akwai wani dunƙulen ƙarfe mai kaushi, kamar kan famfo, wanda ake murɗawa a saita karkatar. Shi ne ran aikin. Ni kaɗai nake taɓa shi, kuma kowa ya sani. Saboda shi ne mudir ɗinmu, wato manaja, wani dattijo ɗan Sudan da muke kira Ustaz Taj, yake ce min mu'allim, wato gwani. (Duk sanda ya faɗa sai in ji tsayina ya ƙaru, ko da yake ban taɓa nunawa ba.)

Da zafi ya shigo, irin zafin Riyad da ke sa ƙarfe ya ƙi taɓuwa, sai zartunana suka fara yanka a karkace. In saita inji da safe, komai lafiya. Zartunan da na yi kafin azahar su yi yanka kamar an ja da zare. Waɗanda na yi bayan hutun rana kuwa, sai dai a yi ta jan Allah ya isa. In duba saiti in tarar ya motsa. In mayar. Washegari haka.

Ustaz Taj ya kira ni, ya ajiye wani falankin da ya lalace a gabana.

"Ya mu'allim, esh hada? Mene ne wannan? Kafil ya fara tambaya."

Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san nauyin wannan magana. Kafil shi ne mai warsha, sunansa ne a kan iƙamata, takardar zamana, kuma lokacin sabunta ta ya matso. Ga iyali a Kano suna jira. Na fito daga ofis na koma kan injina.

Inji dai ba ya murɗa kansa. To wa ke murɗa shi?

Ban sha wahalar neman amsa ba, don zuciyata ta riga ta ajiye min ita. Isufu. Wani mutumin Maradi ne da aka ɗauka ba da jimawa ba yana tura katako a babban inji. Dogo, siriri, ba shi da yawan magana, ya ɗan girme ni. Tun zuwansa yake yawan tsayawa kusa da ni yana kallon yadda haƙoran ke wucewa ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, mi ke sa wannan ya yi dama wancan ya yi hagu?" Haka ya taɓa tambayata.

A lokacin na yi masa bayani da fara'a. Yanzu da na tuna sai na ce, af, ashe leƙen asiri ne. Na tuna kuma soket ɗin da yake cajin wayarsa yana jikin bangon da ke bayan injina. Na tuna na taɓa ganinsa yana dariya da Ustaz Taj. (Mutum ya yi dariya da mudir, ina laifi? Amma a lokacin ko tari Isufu ya yi, sai in ji da manufa.)

Na kai maganar gida. Muna haya a unguwar Ulaisha ni da wani abokina Ɗanlami, direban wata makaranta, mutumin da ko ƙuda ya faɗa masa a shayi sai ya ce turo shi aka yi.

"Kai ma dai ka cika sanyi," in ji shi. "Mutum yana son kujerarka kana koya masa yadda ake zama a kai? Ka sa masa tarko."

Tarkon da muka shirya shi ne alli. Na shafe dunƙulen saitin da farin alli tas, na ja masa layi a jikin inji don in gane in ya motsa. Dabarar ita ce duk wanda ya taɓa, hannunsa zai tona shi. Bayan hutun rana na duba, layi ya kauce, alli ya goge. Na bi Isufu har wurin alwala ina leƙen tafin hannunsa. Fes. Na ce a raina, ɗan duniya, har ya wanke.

Da yamma na koma gida ina cire riga, Ɗanlami ya daka min tsawa.

"Tsaya! Kada ka motsa. Mene ne wannan a bayanka?"

Farin alli ne, dabbare-dabbare, daidai tsakanin kafaɗuna. Muka shimfiɗa rigar a ƙasa muna kallonta kamar gawa.

"Ka gani ko?" Ɗanlami ya rage murya. "Ya gane tarkonka, ya kwashe allin ya shafa maka a baya. Wannan saƙo ne. In ma ba wani abin ya haɗa da shi ba, ka san mutanen can ba a zaune suke ba."

Mai hankali da a nan ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa rigar na ƙulle a leda na jefa a bola, na yi ta karanta Falaƙi da Nasi.

Daga ranar na daina cin abinci a faranti ɗaya da Isufu. In an kawo kabsa an baje ta, shinkafar nan da kaza da kowa ke sa hannu, sai in ce cikina ba daɗi. Ya miƙo min shayi in ce na gode, in ajiye har ya huce. Ya gaishe ni in amsa da hanci. Wata rana ya tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, lahiya? Ko na yi maka wani abu ban sani ba?"

"Kai ka sani," na ce, na wuce. (Har yanzu in na tuna yadda na ɗaga kai na faɗi wannan, sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.)

Abin da ya fasa ƙwai shi ne wasu ƙofofi na wani gida a Badi'a, katako ne mai tsadar gaske, zarto ya ci gefensu. Ustaz Taj ya fito yana faɗa, ni kuma da na ga wuta ta iso gemuna sai na buɗe baki a tsakiyar warsha.

"Ustaz, ba laifina ba ne. Akwai mai taɓa min inji in na juya baya. Ga shi can!"

Na nuna Isufu da yatsa. Injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Isufu ya sauke falankin da ke kafaɗarsa a hankali.

"Ni? Wallahi tallahi ban taɓa sa mashi hannu ba."

Ustaz Taj ya dube ni, ya dube shi. Ya ce magana ce babba, domin in ta tabbata, Isufu ya gama aiki a nan, kuma kafil ba zai tsaya sauraron dogon bayani ba. Sai ya nuna sama. Akwai kamara a kusurwar rufin, tana kallon ɓangarena, an sa ta ne saboda gobara. Duk zaman da na yi ban taɓa kawo ta a raina ba.

"Mu shiga ofis ni da kai mu duba," in ji shi.

Allah ya ba ni ƙofar rufin asiri a buɗe, na sa ƙafa na rufe ta.

"A'a, Ustaz. A gaban kowa ya yi, a gaban kowa za a gani. Kowa ya zo!"

Suka cika ofis, 'yan Bangaladash, 'yan Pakistan, Bamisiren da ke fenti, har mai kawo mana ruwa da ya shigo a kan gaɓa. Na tsaya a gaba na harɗe hannu. Isufu yana can baya jikin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Ustaz Taj ya nemo hoton hutun ranar jiya ya kunna.

Ga warsha ba kowa. Ga injina. Sai ga Isufu ya shigo.

"Yauwa!" na ce da ƙarfi. "Ku zuba ido."

Ya zagaya bayan inji, ya zare wayarsa daga caji, ya duba ta, ya fita. Ko iskar rigarsa ba ta taɓa saitin ba. Na ce a bari, zai dawo.

Wanda ya shigo bayansa gajere ne mai tumbi, waya a kunne. Na ɗan jima kafin in gane shi, don ban saba ganin ƙeyata ba. A bayan injin nan ne nake tsayawa in kira uwargida kullum, saboda nan ne hayaniya ba ta kai wa. Mutumin ya tsaya yana magana yana ɗaga hannu. Can sai ya ɗan ja da baya, ya jingina. Ya gyara tsayuwa kamar mai neman wani abu. Ya samu.

Jama'a, zafin Riyad da dusar katako in suka haɗu a bayan mutum, ƙuraje suke fesowa, masu ƙaiƙayin da hannu ba ya kai wa. Ga dunƙulen ƙarfe mai kaushi, daidai tsakanin kafaɗuna. Mutumin cikin hoton ya fara goga baya a jikinsa, sama da ƙasa, dama da hagu, kamar akuya ta sami katanga. Ya lanƙwasa gwiwa ya miƙe. Ya lumshe ido, baki a buɗe, wayar ma ta sauka daga kunne. Ana ganin dunƙulen yana juyawa a hankali.

Ban san wanda ya fara ba, ina jin Bamisiren ne. Ya yi wani irin sauti kamar tayar da aka sace wa iska, daga nan ofis ya kece. Wani ɗan Bangaladash ya zauna daɓas a ƙasa yana dukan cinya. Ustaz Taj ya cire tabarau yana share hawaye, yana ta nuna allon. Don mugunta kuma aka ce a duba na shekaranjiya. Ga ni. Na ranar alli ma ga ni, na fito da farin tambari a baya ina tafiya da ƙasaita, na nufi wurin alwala leƙen hannun bawan Allah.

Wallahi ban san ina yi ba. Ko in ce na sani, kamar yadda mutum ya san yana ƙifta ido. Ban taɓa haɗa susar da saitin ba, don hankalina gaba ɗaya yana kan Isufu.

Shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Da na waiwaya muka haɗa ido, ya ce a hankali, da Hausa, yadda ni kaɗai zan ji:

"Malam, ni ma ɗiya gare ni a gida. Da babu wannan na'ura hwa?"

Dariyar mutane ba ta yi min ciwo kamar wannan tambaya ba. Ya buɗe ƙofa ya koma bakin aikinsa.

Na bi shi. A gaban mutanen da na tara, na tsaya na ce na zalunce shi, ya yafe min don Allah. Ya daɗe yana share dusa daga kan tebur kafin ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ya ɗauki lokaci kafin ya koma miƙo min shayi, kuma ban ga laifinsa ba.

Ustaz Taj bai kai maganar wurin kafil yadda take ba, ya ce masa an gano matsalar inji an gyara. (Bai yi ƙarya ba.) Aka sa wa saitin murfin ƙarfe da kwaɗo, aka ba ni mabuɗi, aka ce in riƙa kulle shi saboda ni. Sunan mu'allim kuwa ya tafi hutu. Har yau a warshar nan Abu Hakka ake kirana, wato uban ƙaiƙayi. Ɗanlami da na ba shi labari cewa ya yi shi dama tun farko jikinsa bai ba shi Isufu ba ne.

Ana nan wata rana na zo da safe na tarar da wata ƙaramar sanda a kan teburina, an fere ta daga ragowar katako, an goge ta sumul, an yi mata 'yan yatsu a kai. Na ɗaga ina juyawa. Isufu yana can yana ɗaura zarto, bai ko kalle ni ba.

"Wannan ba ta da saiti, Malam," in ji shi. "Ka sosa son ranka."

A ranar muka ci kabsa faranti ɗaya.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa ban ma taka shi ba. Jingina na yi da shi, na lumshe ido, ina jin daɗi.